Karen da Ya Fi Ƙarfin Kwando

A titinmu da ke unguwar Muharram Bek a Iskandariyya, duk wanda ya ce maka ya san fuskar Ummu Milad sosai a wancan lokacin, to ko tsoho ne ko maƙaryaci. Abin da aka sani nata shi ne ƙasan haɓarta, da hannayenta biyu, da kwandonta. A hawa na huɗu take zaune, a wani tsohon bene marar na'urar hawa, kuma an yi shekaru ƙafarta ba ta taɓa titi ba. Kowa a titin yana zura kwando da igiya daga baranda, amma sauran mutane ganda ce ke sa su. Ita da shi take rayuwa. Gurasa, dafaffen wake, ganyen lalo, magani, jarida, duk ta igiya suke iske ta. Abin da ya ƙi shiga kwando, kamar fadan cocinsu, sai ya hau da ƙafarsa yana haki.

Sunanta na yanka Afaf Tadrus. Ta ƙare ƙuruciyarta a ofishin waya tana haɗa wa mutane layi, tana jin muryoyin rabin gari ba tare da ta ga fuskar kowa ba. Saboda haka hulɗa da jama'a ta bakin igiya ba ta zame mata baƙon abu ba. In an tambaye ta abin da ya hana ta saukowa, sai ta ce gwiwa. Mutanen titi suka karɓi wannan amsa don ladabi, alhali babu wanda bai san zancen ba. Mijinta Fahim, direban taragon cikin gari, ya hana mai gas ya hawo masa da tukunya, wai shi bai tsufa ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya kai kwanar hawa na biyu, ya sauke ta ya zauna a kai don ya huta. Bai tashi ba. Ranar jana'iza Afaf ta sauka bayan akwatin gawa, da aka dawo mata suka riƙo ta suka hawo da ita idonta a rufe. Tun daga ranar gwiwa ta tashi.

Ɗanta Milad yana Ostareliya. Duk Lahadi yakan bugo ya ce, "Mama, kina dai fita ko?" Ita kuma ta ce, "Kullum ina waje." Ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, baranda ai waje ce.

Ana nan sai Nurhan, budurwar da ke aiki a kantin magani na tsallaken titi, ta fara fitowa da safe tana jan wata halitta mai girman ɗan maraƙi, kunnuwa a gutsure, wuya duk tabon sarƙa. Nurhan tana cikin wata ƙungiya ta masu ceton dabbobi, kuma aikinta riƙo ne: a ba ta kare ta yi jinyarsa a gida har a sami mai ɗauka. Wannan an tsinto shi ne a wurin wani gini a bayan gari, inda ya yi gadin siminti har aka gama aiki. Magina suka kwashe shebur da bokiti suka tafi, suka bar shi da sarƙarsa. 'Yan ƙungiya suka raɗa masa suna Simsim, wato ƙwayar riɗi.

"Ke 'yar nan," in ji Ummu Milad daga sama, "jakin waye wannan?"

"Kare ne, Tanti."

"Ko ma mene ne, ina ƙirga haƙarƙarinsa daga nan. Ba kya ba shi abinci ne?"

"Yana ci, Tanti. Ya fi ni ci."

"To ke ma ai ba abin misali ba ce. Tsaya."

Kwando ya sauko da ragowar kaza. Washegari ma ya sauko. Da babban azumin Kiristoci ya kama, lokacin da ko ƙwai ba ya shiga bakinta, mai sayar da kaji ya ci gaba da samun saƙon kawuna da ƙafafu daga hawa na huɗu, har matan coci suka fara yi mata addu'a a ɓoye. Simsim kuwa ya koyi zama a ƙarƙashin barandarta ya ɗaga kai sama. Maganar gaskiya kwandon yake kallo, amma daga hawa na huɗu ba a bambancewa.

Wata safiya Nurhan ta tsaya ba ta yi dariya ba. Ta ce an sa bikinta bayan Sallah, gidan miji kuma a garin Damanhur yake, wurin surukar da ke fama da asma. Ta ce ta yaɗa hoton Simsim ko'ina, amma mutane ƙananan karnuka farare suke so, irin waɗanda ake ɗorawa a cinya. In ba a sami mai ɗauka ba, zai koma gidan ajiye karnuka na ƙungiya, inda suke ɗaruruwa, kuma tsohon kare da ba ya faɗa a kan abinci ba ya daɗewa a can.

Ummu Milad ta naɗe igiyarta tsaf, sannan ta ce, "Hawo min da shi."

Nurhan ta hawo da shi. Ya shiga falo, wutsiyarsa ta share kofin shayi daga kan tebur, ya zagaya sau ɗaya ya kwanta a kan dardumar Fahim kamar wanda aka bar wa gado.

"Amma da sharaɗi, Tanti," in ji Nurhan. "Gwaji ne tukuna. Dole a fita da shi safe da yamma, ya taka ƙasa, ya shaƙi iska. Ba mu kwance shi daga sarƙa don mu ɗaure shi a sama ba. In bai yiwu ba, zan karɓe shi."

"Za a san yadda za a yi."

Ta fara da maigadin benen, Ammu Sabir, ta yi masa magana daga baranda. Ya saurare ta har ƙarshe, hannunsa a ƙirji.

"Ummu Milad, ko garwashi kika aike ni zan ɗauko miki da hannu. Amma wannan in ya lashe ni, wanki bakwai ne, ni kuwa jallabiyata biyu ce a duniya."

"Ai ba ya lasar mutane."

"Ya lashi bango jiya, ina kallo. Bangon ma bai yi masa komai ba."

Da ta ga haka sai ta koma ga abin da ta iya. Ta ƙara wa igiyar kwando tsawo, ta ɗaura mata ƙugiya a baki, ta yi yarjejeniya da Ammu Shahata mai kayan miya, wanda kurarsa ke daidai ƙarƙashin barandarta, kuma ba shi da mai ciniki kamarta. Da safe sai ta buɗe ƙofa Simsim ya sauka shi kaɗai, ta zura igiya, Ammu Shahata ya maƙala ƙugiyar a abin wuyansa da yatsu biyu, yana kawar da kai. Daga nan ita ta yi ta tafiya daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, shi kuma yana bin ta a ƙasa. Masu shan shayi a gidan gahawa suka juyo da kujerunsu. Wani tsohon injiniya ya ce ko a Turai ba a kai nan ba. Nurhan kuwa tana can tana yawon sayayyar aure, ba wanda ya ga dalilin ɓata mata rai.

Abin ya tafi daidai har ranar da wata kyanwa ta tsallaka titi. Simsim ya zabura, igiya ta naɗe ƙafar kura, tumatir ya gangara har bakin layin tarago. A sama igiyar ta zare a tafin Ummu Milad ta tafi da fata, ƙirjinta ya bugi ƙarfen baranda. Ba ta saki ba, ta ja da duk ƙarfinta don kada mota ta kaɗe shi. Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Da igiyar ta shaƙe shi, ƙaton karen nan bai yi kokawa ba, bai yi haushi ba. Ya manne cikinsa da ƙasa, ya rufe ido, jikinsa yana ɓari. A haka Nurhan, wadda ta dawo aiki a safiyar nan, ta ruga ta kwance shi.

Ta hawo da shi da kanta, ta zauna ta wanke wa tsohuwar hannu ta naɗe da bandeji. Sai da ta gama sannan ta yi magana.

"Tanti, Allah ya sani ina ƙaunarki. Amma ranar Juma'a motar ƙungiya za ta zo ta ɗauke shi."

"Gwiwata ce, 'yata."

"Ni nake sayar miki da maganin gwiwar. Ga kwalbar bara can a kan firji, ko buɗe ta ba a yi ba."

Ummu Milad ta dubi kwalbar kamar ita ce ta kai tsegumi.

Ranar Juma'a da sassafe ta jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado. Fatar ta bushe kamar gurasar jiya. Ta shafa musu man zaitun, ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura wa Simsim gajeriyar igiyarsa ta gaskiya, ta naɗe bakin a hannunta mai bandeji. Ta ja ƙofa ta rufe, sannan ta tuna ba ta san inda mabuɗi yake ba. Ta ce a ranta wannan matsalar anjima ce.

Hawa na uku bai ba ta wahala ba. Gwiwar, da aka daɗe ana yi mata sharri, ta yi aikinta ba ƙorafi. Amma da ta hango kwanar hawa na biyu sai ta tsaya cak. Babu komai a wurin. Silifas ɗin maƙwabta ne, da fasasshiyar tukunyar fulawa, da akwatin mita a bango. Ta riƙe ƙarfen matakala, ta ji ba za ta iya gaba ba, baya ma ba za ta iya ba.

Simsim ya sauka iyakar igiyarsa, ya ji an tsaya, sai ya zauna daidai wurin da Fahim ya zauna. Girmansa ya rufe shi duka. Masu son labari suna cewa ya gane. Waɗanda suka san shi sun ce kare ne mai nauyi da ke zama duk inda aka tsaya. Ko ma dai mene ne, da ta sake dubawa ba ta ga inda aka ajiye tukunyar gas ba, sai wani ƙaton kai mai gutsurarrun kunnuwa yana hamma.

"Fahim," ta ce a hankali, "da ka bar wa mai gas tukunyarsa, me zai rage ka da shi? Kullum kai ba ka tsufa ba. To ga shi ni na tsufa ni kaɗai."

Ta jira kaɗan, kamar mai ba shi damar kare kansa. Sannan ta saki ƙarfen, ta sauko, ta dafa bayan karen, wanda ya kai mata ƙugu, ta ce, "Tashi mu je, jaki." Suka wuce, idonta a buɗe.

Ammu Sabir yana zaune a bencinsa da kofin shayi lokacin da suka fito. Ya miƙe tsaye, ya rasa gaisuwar da ta dace, sai ya yi mata ta matafiya.

"Sannu da hanya, Ummu Milad. Kin same mu lafiya?"

"Ka tsufa, Sabir. Daga sama rawaninka kawai nake gani."

Nurhan tana bakin kantin magani, wayarta a hannu, tana jiran mota. Ta dube su suna tsallako titi, tsohuwa a gefe ɗaya tana ɗingishin busasshen takalmi, kare yana tafiya a hankali daidai da ita. Ta buga waya ta ce wa direba ya juya. Sannan ta shiga ciki ta fito da tsohon bargon Simsim, wanda ta riƙe a wurinta duk tsawon gwajin, ta miƙa wa Ammu Sabir ta ce a kai sama. Ya karɓa da yatsu biyu.

"Har bakin teku za ku je, Tanti?"

"Tekun yana nan inda na bar shi?"

"Yana nan."

"To ba sauri. Ina da magana da Shahata tukuna."

Ta tsaya a gaban kurar kayan miya, karo na farko tun rasuwar mijinta. Ta dubi tumatirin da ke sama, sannan ta ɗaga buhun da ya rufe wani akwati a ƙasa. Manya ne, jajaye, masu tauri.

"Waɗannan fa, Shahata?"

"Waɗannan... na masu zaɓa da hannu ne, Ummu Milad."

"Ashe duk shekarun nan ƙannensu kake zuro min."

"Igiya ba ta son nauyi," in ji shi, yana kallon karen.

Yanzu safe da yamma ana ganin su a bakin teku, ita da baƙar rigarta, shi yana jiran ta a kowace kwana. Har gobe in sun kai hawa na biyu sai ta tsaya, kare ya zauna, ta gaya wa Fahim abin da ta ga dama, sannan su wuce. Kwandon yana rataye a baranda, takan zura wa Ammu Sabir kek a ciki ranar Idin Ista. Ammu Shahata kuwa, in aka tambaye shi ko ya yafe wa karen tumatirin da ya zubar masa, sai ya ce wancan ba komai ba ne, asararsa ta gaskiya ta fara ne ranar da matar ta sauko.