Muftahu da Manhajar Sanarwa

Muftahu ɗan unguwar Kotobabi ne, autan Alhaji Jalilu mai tsofaffin tayoyi. Tun yana ƙarami aka san inda ya dosa. In an aike shi famfo da yayyensa, shi ne zai tsaya bakin lungu yana tsara wa zai fara wa zai biyo, ya dawo da bokitinsa a bushe yana ƙorafin gajiya. An kai shi wajen tela a Mamobi, wata huɗu ya gudo, wai maigidan ba shi da tsari. Daga baya ya yi karatun kwamfuta, kuma waɗanda suka zauna aji ɗaya da shi sun rantse bai taɓa gina abin da ya tsaya da ƙafarsa ba. Amma baki kam, Allah ya ba shi har da na maƙwabta.

Bakin ne ya kai shi kamfanin wani Mas'udu, ɗaki biyu a saman shagon magani a Kawukudi. Mutum shida ne a ciki, suna gina manhajar da za ta riƙa kai sanarwar suna da aure da rasuwa ga wayoyin mutanen unguwannin Zango. Aka naɗa shi furodak manaja, wato shi ke yanke abin da za a gina yau da abin da zai jira. Ranar da ya samu kujerar ya sayi tabarau, alhali idonsa ƙalau.

Tsarin da ya kawo ana ce masa ajail. Ana yanka aiki mako bibbiyu, kowace safiya a yi taron minti goma sha biyar a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tare masa hanya. Kowace buƙata a rubuta ta a 'yar rawayar takarda a manna a bango, mai muhimmanci a sama. Masu sanin abin sun ce zuciyar tsarin ita ce sauraron wanda ake gina wa. Muftahu ya ɗauki tsayuwar, ya ɗauki takardun, sauraron ya bar wa masu shi. Har kujerun ɗakin taro ya sa aka fitar, kada wani ya ji daɗi.

Mas'udu bai ɓoye masa komai ba. A Zango mata ne ke ɗauke da labari, su ke girki, su ke zaɓen yayi, wato ankon da za a ɗinka. Ya ce masa in ƙungiyoyin matan Nima ba su karɓi manhajar kafin ƙarshen shekara ba, kujerar ta wani ce.

Sai Muftahu ya gayyaci Hajiya Rahinatu, magajiyar babbar ƙungiyar, ta zo ta gani. Tsohuwa ta hau matakala ashirin da biyu da gwiwoyin da suka yi jika goma sha ɗaya, ta iske ba wurin zama, ba ko ruwan sha. Sadia ce, wadda ke rubuta yawancin manhajar da hannunta, ta jawo mata kujerar aikinta. Hajiya ta kalli abin tsaf. Ta ce na suna da na aure sun yi kyau, amma mutuwa ba a aika ta haka. Mutanen gida ake fara gaya wa, da ƙafa. Manya biyu su je, su zaunar da matar, su fara cewa jikin ya yi tsanani, sai ta gama shiryawa a ranta kafin a faɗa.

"Ɗana, ka sa wa abin nan linzami," ta ce. "Kada ya fita sai babba a gidan ya ce an gaya wa masu shi."

Muftahu ya ce madalla, irin wannan yake nema, ya rubuta a takarda ya manna ta can ƙasa kusa da wayar fanka. A sama akwai furannin da za su riƙa zuba a katin aure, da 'yar lambar da ke nuna mutum nawa suka buɗe sanarwa. Lambar nan ita ce abar ƙaunarsa, ko tuwo yake ci yana leƙa ta.

Duk mako biyu Sadia sai ta tuna masa da linzamin Hajiya, ta ce aikin kwana uku ne. Shi kuma ya gyara tabarau ya ce mata mutum ɗaya ne ya nema, a saki a gani, in an samu matsala a gyara, haka manyan kamfanonin duniya suke yi. Sau bakwai suka yi wannan. Mata kuwa sun fara saka manhajar, don Hajiya ta ce a gwada, ita a zatonta an ji maganarta.

Wata Laraba da hantsi, ranar kasuwar Nima, Malam Falalu ya cika a asibiti. Tsohon direban toroto ne, motar haya, yayan Hajiya Rahinatu uwa ɗaya uba ɗaya. Wani ɗan ƙanensa da ke wajen ya buga sanarwa a manhajar don masu haƙa kabari su shirya, ta faɗa waya ɗari tara a lokaci guda. Dattawa biyu suna kan hanyar kasuwa da ƙafa, suna shawarar yadda za su fara. Matar mamacin, Mma Salimatu, tana rumfarta a kasuwar tana auna wa wata baƙuwa daga Sabon Zango shinkafa. Wayar baƙuwar ta yi ƙara, ta duba, ta yi salati, ta karanta sunan da ƙarfi, ta tambaya ko an san shi a nan. Olonkar da take awon shinkafar da ita ta suɓuce, Mma Salimatu ta bi ta ƙasa. Da dattawan suka iso, ana yayyafa mata ruwa a tsakiyar buhuna, mutane sun yi da'ira.

A daidai lokacin Muftahu yana Kawukudi yana nuna wa Mas'udu lamba, wai ba a taɓa buɗe sanarwa da sauri irin na yau ba.

Washegari ya kira taron waiwaye, ya buɗe da cewa ba a ɗora wa kowa laifi, tsari ne ya gaza. Ka ji mai tsarin da bakinsa. Sadia ta zauna ta gama linzamin cikin kwana biyu, ko ukun ba a kai ba.

Ranar addu'ar uku ya sa farin kaftani ya tafi gidan makoki, waya a hannu. Ya gaida maza sama-sama ya kutsa wajen mata, ya durƙusa gaban Hajiya, ya yi ta'aziyya a gaggauce kamar mai gudun kada toroto ta tashi, sannan ya miƙa mata wayar ta ga an gyara. A ransa wannan shi ne abin burgewa, kwana biyu kacal.

Hajiya ba ta karɓa ba. Ta nuna masa ɗakin da Mma Salimatu ke zaune cikin takaba.

"Ka shiga ka nuna mata, ita ce aka gwada abin a kanta."

Ya fara bayanin yadda ake koyo daga kuskure. Ta bar shi ya kai aya.

"Yayana sau ɗaya zai mutu, Muftahu. Matarsa kuma sau ɗaya za ta ji. Wanne za ka sake mana bayan mako biyu?"

Ta juya ta ce wa matar da ke gefenta ta cire mata abin nan daga waya. Ba ta umarci kowa ba, amma kafin a raba waina wayoyi sun fito daga jakunkuna, wadda ba ta iya ba ta miƙa wa wadda ta iya.

Mas'udu bai jira ƙarshen shekara ba, ya ba Sadia kujerar. Ita ma wata biyar ta yi tana zirga-zirga gidan Hajiya kafin aka yarda a mayar da na suna da na aure. Na rasuwa har yau matan Nima ba su taɓa shi.

Muftahu yanzu yana hayar wani ɗaki a Kotobabi duk Asabar, yana koya wa masu neman aiki yadda ake tafiyar da manhaja. Labarin kasuwar ma yana cikin darasinsa, ya gyara shi ya yi sumul, babu Hajiya a ciki, babu sau bakwai ɗin Sadia. In hanya ta kama shi zuwa Nima kuwa, ta bayan masallaci yake zagayawa, don a layin masu shinkafa ba a amsa masa sallama.