Uprim Mai Cuku

A kasuwar Dakoro, in ka ce kana neman Aisata, sai a dube ka sheƙeƙe. Ce Uprim mai cuku, nan take za a nuna maka rumfarta.

Mushe Sha'ibu (Mushe na nufin Malam da Faransanci), malamin lissafi na lise, wato babbar sakandare, shi ya liƙa mata sunan. Tana aji na biyun ƙarshe, 'yar makiyaya daga Azagor, ya fito da ita gaban allo ta fitar da lissafin da ake kira deribe, na u sau v. Ta ɗiga wa u alamar prim, ta ɗiga wa v, ta haɗa su, ta tsaya tana murmushi, ba ta san ta yi kuskure ba.

"U prim, v prim!" in ji Mushe, har da tafi. "Ku gaida Malama Uprim. Koma bayan shanu, ɗiyata, can aka buƙatarki."

Aji ya ɗauka, gari ya karɓa. Kafin damina ta bar makaranta, amma sunan ya bi ta har ɗakin aure. Ta tsani mutumin nan, tsana ta gaske, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Kayenta kuwa, littafin da take rubuta lissafi, ba ta yar ba. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin faifan cuku, tana bita, har wata rana a bakin rijiya abin ya faɗo mata. Garke biyu ba sa sha tare. Na farko ya sha, na biyu na tsaye, sannan na biyu ya sha, na farko na tsaye, a tara. Mai sha shi ke ɗaukar prim: ga u prim v, ga u v prim. In rabawa ce, na sama ke fara sha, a debe maimakon tarawa, a shimfiɗa v sau v a ƙasa.

Haka ta riƙa koya wa 'yan lise masu zuwa sayen cuku, a kan wani guntun allo. Suka yi ta cin bak, jarrabawar gama lise, labari ya bazu.

Shekara ashirin da biyu bayan wancan tafi, ranar kasuwa, sai ga Mushe Sha'ibu, ya yi ritaya, furfura fat, da autarsa Lailatu wadda bak ta kayar sau biyu. Yarinyar ta ce lissafin babanta ba ya shiga kanta.

"Malama Uprim, taimako muka zo nema."

Aisata ta shimfiɗa wa Lailatu tabarma a inuwa. Shi ta bar shi cikin rana. Ta miƙa masa alli da allon.

"Mushe, rubuta sunana. In ka rubuta daidai, yau za mu hwara."

Mahauta suka matso, mata masu nono suka sauke ƙore. Ya riƙe allin, gumi na bin wuyansa. Ya waiga ko wani zai raɗa masa. Babu wanda ya iya, domin shi da kansa ya shafe sunan daga bakin gari.

"Ban... ban tuna ba."

"Na sani. Tsohuwata na nan Azagor, ita kaɗai ta rage mai kirana da shi. Motar kasuwa na tashi da la'asar. Tahi ka tambayo."

Ta karɓe allinta, ta juya ga Lailatu.

"Ke, ɗiyata, mi sunanki? Faɗa mini da ƙarhi, in riƙe."