Shekarar Da Na Goya Yara Na Ƙetare Mayo

An hana 'yata shiga aji ɗaya saboda gidanmu yana ƙetaren rafi. Shekarunta sun kai, kayan makarantarta a ɗinke, kanta kuma lafiya lau. Laifinta kawai inda ubanta ya gina ɗaki. Yau yarinyar ta fi ni tsawo, ni kuma furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, amma ko zan manta abin da na ci jiya, wannan al'amari yana nan daram a raina.

Muna zaune ne a wata 'yar unguwar manoma ta wajen Mugulbu, gidaje kaɗan a gindin tudu. Makarantar firamare tana ɗaya gefen, tsakaninmu da ita kuma akwai mayo, wato rafi, haka muke kiransa a nan. Da rani yashi ne zalla, har yara suna buga ƙwallo a cikinsa. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a kan duwatsu, sai ya taso jajawur yana jan kara da rassan itace. Gada tana can nesa ta hanyar mota, zagaye ne mai cinye rabin safiya.

To makaranta tana komawa ne ruwa bai ɗauke ba. Saboda haka hedimastan ya kafa dokarsa: sabbin shiga daga ƙetare ba a ɗaukar su sai ruwa ya ja baya, bayan an yi nisa da girbi. Manyan yara suna zuwa ranar da mayo ya yi ƙasa, ranar da ya cika su zauna a gida. Ƙanana kuwa sai jira.

Na san abin da jiran nan yake yi wa yaro, don a kan ɗana na fari na gani. Lokacin da ya shiga, sa'o'insa sun riga sun iya baƙaƙe, benci ya ƙare, sai ƙasa a can bayan aji. 'Yan bayan ruwa ake ce musu, har malamai ma haka suke kiran su ba da mugun nufi ba. Bai taɓa kamo na gabansa ba. A aji uku ya rataye jakarsa a ƙusa ya bi ubansa gona, ni kuma ban hana shi ba, don a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, na zauna cikin matan da suka riga ni farawa suna karantawa ni ina kallon allo kamar bango, sannan na gane abin da yaron nan ya haɗiya shi kaɗai.

Ita kuwa ƙanwarsa tun kafin ta iya ɗaura zani take wasan makaranta. Ta jera 'yan tsaki a tsakar gida ta riƙe tsinken kara tana yi musu tsawa. Ranar da tela ya kawo rigarta, da ƙyar aka raba ta da ita a wanke.

Ranar ɗaukar yara na sa ƙanin mijina, mai babur, ya zagaya da mu ta gada. Muka tarar da iyaye a layi a gaban ofis. Da aka zo kaina hedimastan ya dubi yarinyar ya yi murmushi, ya tambayi unguwarmu. Ina faɗa ya ajiye biro.

"Mama, ki yi haƙuri. Ki dawo da ita in ruwa ya ɗauke."

"Malam, ruwa ne zai yi karatun ko yarinya?"

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Ni kuwa dama an san ni, bakina ba ya jiran izini. Na faɗa masa ɗa guda ya riga ya lalace mini a hannun dokarsa. Na ce makarantar gwamnati ce, ba gadon gidansu ba. Na ce in yaran ƙetare ba mutane ba ne a gaya mana, mu san inda za mu kai su. Na faɗi wasu ma da ba zan sa a takarda ba.

Mutumin nan bai ɗaga murya ba. Dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya bar ni na zazzage tas, sannan ya ce in zo. Ya fitar da ni bayan ajujuwa, inda ake hango mayo ta tsakanin gonakin dawa.

"Kin ga wancan itacen da ya karkata? A can na tsamo wani yaro ɗan aji ɗaya, shekarun baya. Yayansa ne ya riƙo hannunsa, ruwa ya fizge shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma sai da muka juya shi muka matse cikinsa. Da uwarsa ta iso, rigata ta riƙe, ba ta yayan ba. Ta ce ni na ce ya zo." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ni ma ina da 'ya'ya, Mama. Gara yaro ya zo na ƙarshe a aji da a kawo mini shi a kafaɗa."

Sai ya ƙara da cewa shi ba ya ƙin yaranmu. In za a samu babba guda ɗaya, ba yaro ba, wanda zai tsaya a kan ruwan nan safe da rana ya ƙetarar da su, ranar da ya cika kuma ya hana kowa shiga, to duk zai ɗauke su. Ya ce ya sha faɗa wa mazan unguwarmu, kowa sai ya ce masa gona.

"Ni zan yi," na ce.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke?"

"Da wa kake magana in ba ni ba? Gobe ka tanadi benci."

Sai da muka hau babur iska ta buge ni sannan na ji abin da bakina ya jawo mini. Ni fa tsoron ruwa nake yi, tsoro ba na wasa ba. Iyayena 'yan kasuwa ne da suka zo daga Borno, a cikin garin Mubi na tashi kusa da kasuwa, ruwan da na sani na rijiya ne da na randa. Tun da aka kawo ni unguwar nan ban taɓa sa ƙafa a mayo da damina ba. Ko gishiri ne ya ƙare sai dai in yi aike.

A hanya na ce wa ƙanin mijina ko shi zai riƙa kai su ta gada. Ya ce, "Yaya, da asuba nake fita da buhunan mutane. Kuma ki dubi hanyar da kanki." Bai rufe baki ba tayar baya ta zame, mu uku muka kwanta a taɓo. Yarinyar ta tashi ba ta ko duba gwiwarta ba, rigar makarantarta take kakkaɓewa tana kuka. Nan maganar babur ta mutu.

Da mijina ya ji labari a gida sai da ya ajiye fartanya don dariya.

"Ke? Ke da ko kwata ta cika sai kin zagaya?"

"To kai ka yi mana."

"Gyaɗa tana ƙasa, masara tana jira. In na tsaya gadin ruwa, takarda za mu ci?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi ba ni haushi.

Surukata, wadda duk gidan muke kira Dada, tana zaune a kan tabarma tana ɓare wake. Bafulatana ce 'yar ƙaramar tsohuwa, a bakin wannan mayo aka haife ta, Hausarta kuma mace da namiji duk ɗaya ne. Da aka yi la'asar ta jawo sandarta ta ce, "Tashi. Bakinka ya riga ya ƙetare, saura ƙafa."

Ta kai ni bakin ruwa ta nuna mini wani baƙin dutse a tsakiya. Ta ce shi ne alƙali: in kansa yana waje, babba zai wuce, in ruwa ya rufe shi ko sarki ya koma gida. Ta ce kada in dubi samanmu, in dubi kan duwatsu, don ruwan da zai kashe mutum a can ake yin sa, nan rana tana haske. In na ga ruwa ya fara kawo kumfa da ɗanyen ganye, in fita ko ina tsakiya. Ta nuna mini mashigin da shanu suke bi, inda ƙasan tsakuwa ce ba laka ba. Sannan ta tattare zaninta ta shiga, tsohuwar da nake ɗaukar wa tulu, ta je tsakiya ta dawo kamar mai zagaya ɗaki.

"Ba a ɗaga ƙafa, ja ake yi. Ba a kallon ruwa, zai juya maka kai. Ka kalli itacen can. Shigo."

Na shiga. Ruwa ya kai idon sawuna, sanyi ya hau mini har wuya, yashi yana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana janye tabarma. Na ƙara taku biyu, na kalli ƙasa duk da an hana ni, sai na ga duniya tana tafiya gefe guda. Ban san lokacin da na fito da gudu na zube a kan ciyawa ba. Dada ta yi dariya har tana riƙe ciki.

"Hedimasta ya ji tsoronka, kai kuma ka ji tsoron ruwan wanke ƙafa!"

Ashe yarinyar ta biyo mu, tana tsaye a bayan wata bishiya ta ga komai. Ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta sa ɗan hannunta tana share mini yashi daga ƙafa.

"Mama, ki bari kawai. Zan jira ruwa ya tafi. Ai Yaya ma ya jira."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yarinyar da ta kwana uku tana tambaya ko gari ya waye a tafi makaranta, ita ce take lallashina, har ta shirya zama a ƙasa a bayan aji don kada uwarta ta ji tsoro. Na kama hannunta muka koma gida, na wanke rigar nan na shanya kusa da murhu.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, kuma har yau nake faɗa wa mata a ajinmu, shi ne ba kowace doka ce mugunta ba. Wata tsoro ne na mutumin kirki da ya taɓa ganin abin da ba ya son sake gani. Irin wannan ko ka kwana kana zaginta ba ta motsawa, sai an samu wanda zai ɗauke masa abin da yake tsoron. Ni na je da baki, ashe baya ake nema.

Da gari ya waye na duba kan duwatsu, sama fes. Na ɗaura tsohon zani, na sa rigar makaranta da takalma a leda, muka nufi mayo ni da yarinyar, Dada tana biye da sandarta. Muna isa na tarar labari ya riga ni. Mata huɗu na unguwa suna tsaye, kowacce da ɗanta an shafa masa mai yana ƙyalli.

"Mun ji an ce ke ce direba," in ji ɗaya.

"Wa ya gaya muku motar ta tashi?"

"Ai ke kika faɗa a gaban jama'a."

Kan baƙin dutse yana waje. Na durƙusa, yarinyar ta hau bayana, na ɗaure ta da zani kamar yadda nake yi tana jaririya, sai dai yanzu ƙafafunta har cinyata. Ta ɗora ledar a kanta. Na yi bismilla na shiga ta mashigin shanu.

Ruwa ya wuce gwiwa, ya kai cinya, yana tura ni kamar mutum. A daidai dutsen ƙafafuna suka ƙi motsi. Ina jin Dada tana ihu da Fulatanci daga baya, ban gane ko kalma ɗaya ba. Sai na ji bakin yarinyar a kunnena.

"Mama, kar ki kalli ƙasa. Ja ƙafa. Kalli itace."

Na ɗaga ido in nemi itacen, sai na ga mutum a gindinsa. Hedimasta ne, ya naɗe wandonsa har gwiwa, takalmansa a hannu, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ruwa. Ashe tun da sassafe yake nan, bai yarda da ni ba, kuma bai yarda ya bar mu mu kaɗai ba. Na kafa masa ido na ja ƙafa, na sake ja, har na ji tsakuwa ta koma busasshiyar ƙasa.

Na kwance zani yarinyar ta sauko. Na miƙe tsaye ƙyam don kada ya ga tsorona. Ya gani. Ya kama hannun yarinyar ya ce, "Wannan ta shiga aji ɗaya, bencin gaba." Sannan ya nuna ƙetare da haɓa, inda yara huɗu suke tsalle suna ɗaga hannu.

"Saura fasinjojinki, Mama."

"Ka riƙe mini wannan," na ce, "kuma ka daina kallona haka."

Na matse bakin zanina, na sake ɗaura shi tamau, na juya na koma cikin ruwan.