Rumbun da Aka Ce Na Cinye

Wata Asabar ce a daminar da na shiga ƙaramar sakandare. Mun taso daga maimai a gonar gero, muka zube a gindin darbejiyar ƙofar gida a ƙauyenmu na wajen Bagwai, ƙafafuwa duk taɓo. Layin wasan waya ya zo kaina ke nan, sai Yaya Sagir, ɗan wan babana, ya fisge wayarsa daga hannuna ya ce, "Kai malam, wasa muka zo yi, ba karatu ba." Laifina kawai na danna wata 'yar alamar tambaya da ke gefen allon wayar.

Wasan na gina gari ne. Ka sa mutanenka su yi noma, su saro itace, ka ja ganuwa, ka tara mayaƙa, don maƙwabta na nan suna jiran ranar da za su afka maka. Waya ɗaya gare mu, gari ma ɗaya, kowa ya ɗan yi ya miƙa wa na gaba. Mu ke yanko wa awakin Yaya Sagir ciyawa, mu ke kai wayar caji wurin mai sola, duk don a bar mu mu taɓa. Tun shuka muke renon garin nan kamar ɗan maraƙi.

Ita alamar tambayar, in ka danna, wani kundin bayani ne ke buɗewa a cikin wasan. Wallahi komai na ciki: me ɗan baka ke iyawa, me ke karya ganuwa, me kowane gini ke ci. Amma ku zo ku ga yadda abokan wasana ke yi da shi. Yaya Sagir in yatsansa ya zame ya faɗa ciki, tsaki yake ja kamar ya taka kashin kaza. Abokina Bala kuwa yana buɗewa ne kawai ya kalli hoton giwar yaƙi, ya ce "kai, ka ga dabba," ya rufe. Rubutun da ke ƙarƙashin giwar, a wurinsa ado ne. Ni Turancina a lokacin bai kai ya kawo ba, amma duk aiken caji sai in maƙale a bayan makaranta in yi ta haɗa baƙi har wayar ta mutu.

A nan na gano shirmen da muke tafkawa. Mu 'ya'yan manoma ne, mun tashi muna jin Baba na cewa, "Kada wanda ya taɓa min rumbun nan sai ruwa ya zauna." To haka su Yaya Sagir suka ɗauki rumbun cikin wasan. Su tara hatsi, su tara, su zauna suna kallon lambar na hawa suna washe baki. Alhali kundin ya faɗa ƙarara cewa da hatsin ake ɗaukar mayaƙa, kuma in rumbu ya cika, duk abin da aka girbe bayan nan asara ne. Na yi musu bayani har bakina ya bushe. Bala ya ce Bature bai san yunwa ba.

Ranar da layi ya sake zuwa kaina, na kwashi rabin hatsin na ɗauki 'yan baka, na jera su a ƙofar gari. Yaya Sagir na ganin lambar ta faɗi ya zaro ido. "Ka cinye mana rumbu? Ɗan albarka ba ya haka." Daga ranar aka cire ni daga layi. Ciyawa dai ina yankowa, amma wasa sai leƙe ta bayan kafaɗa. Suka koma tarinsu, rumbu ya cika maƙil, ba su ƙara ko mayaƙi ɗaya ba.

Ana fara yankan gero hari ya zo. 'Yan bakana suka riƙe ƙofa iya ƙarfinsu, aka tattake su, aka ƙone gidajen, aka yashe rumbun tas. Ina tsaye ina kallo. Kuma kun san me suka ce? Wai da ban taɓa hatsin ba, da albarkar garin ba ta tafi ba. Ko a lokacin ba wanda ya yi tunanin buɗe kundin. Yaya Sagir ya goge wasan, ya cika wayar da waƙoƙi.

Yanzu ina gyaran waya a Bici, kuma duk sabon wasan da na sauke, sai na karance kundinsa kaf kafin in aza tubali ɗaya. Har gobe haushi nake ji in yaro ya zo shago yana tambayata abin da ke rubuce a gaban hancinsa. Sai dai ba mai numfashi a wuyana yana cewa in yi sauri, ba kawunan da ke karo da nawa a kan ɗan allo guda. Garina bai taɓa faɗuwa ba, amma ni kaɗai ne a cikinsa.