Rabin Takardar da Babu Fure

Shekarun baya, lokacin da na fara aikin wayar da kai kan ƙona daji a Lafiya, duk wanda ya ƙyasta ashana a gona maƙiyina ne. Sabon ɗan boko, ji nake na fi kowa sani.

Ina da aboki a Azuba mai wata sana'a da har gobe take burge ni. Yakan sassaƙa zane a jikin katako, ya shafe shi da tawadar gawayi da ƙaro, ya ɗora takarda ya goga da bayan cokali. In ya ɗaga, ka ga tsuntsu kamar zai tashi. Shekara guda yana jiran wani jan fure da aka ce ba ya fitowa sai a wani fako bayan Agyaragu. Da damina ta ɗauke, ya roƙe ni in kai shi a babur.

Muna isa muka tarar da wani tsoho yana cinna wa ciyawar wurin wuta. Ko sallama ban yi ba, na karyo reshe na hau dukan wutar ina zuba wa'azi. Abokina na ta kirana, ina! Sai da na kashe rabi.

Tsohon ya dube ni ya ce, "Oga, ka gama? Ciyawa da sauran ɗanye, wuta ba za ta ci itace ba. Amma in wuta ba ta bi ba, fure ba zai fito ba. Tun kakana haka ne. Bar wannan rabin, ka dawo ka gani."

Bayan sati uku muka koma. Inda wutar ta bi, jajayen furanni sun ɓullo daga baƙar toka, ko ganye babu. Inda na yi jarumtata kuwa, busasshiyar ciyawa kawai. Kunya ta rufe ni.

Abokina ya durƙusa yana zane har rana ta yi tsaka. Daga baya ya sassaƙa katako biyu, ɗaya na baƙi, ɗaya na jar ƙasa, ya buga abin da ya gani: furanni a gefe guda, ɗaya gefen fari fat. Bugun farko ni ya ba.

Har yau ina hana ƙona daji barkatai, amma na koyi yin sallama da tambaya tukuna. Hoton yana rataye a falona. In baƙo ya ce, "Aiki mai kyau, amma me ya sa bai ƙarasa ba?" sai in ce masa ya ƙarasa, wancan rabin aikina ne.