Iskar da Baba Ya Liƙe a Gwangwani

'Yata ta fari tana da asma tun tana goye. Ba na kama sunanta, 'yar fari ce, kuma haka na taso na ga ana yi a gidanmu. Amma ƙirjinta na san shi fiye da nawa. Daga ɗaki ina kan keken ɗinki nake jin ɗan fiton nan idan ya fara.

Abin da ya fi ciwon damunta shi ne abin shaƙar maganin. Yara ba su da ta ido, sun sa mata suna mai busa usur, sai ta daina fito da shi a makaranta. Gara ta je bayan aji ta durƙusa tana haki da a gan ta da shi a baki. Duk wani taro da za a yi, ita ce mai zama a inuwa tana gadin takalman 'yan ajinsu.

Shekarar da take aji huɗu malamarsu ta shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen zango. Labarin wasu mutane ne na can gaba, bayan jikokin jikokinmu, da suka yi ƙaura zuwa wata duniya inda babu iska, kowa yana yawo da tasa a goye. Aka ba yarinyar matsayin shugabar ayari saboda haddarta, amma malamar ta gaya mini a gefe cewa ta tanadi wata yarinyar, ko da ƙirjin zai ƙi. Ranar 'yata ta dawo gida ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Umma, su ma numfashinsu a jaka yake, irina."

Rigar ba ta ba ni wahala ba. Tela ce ni, na shiga Babbar Kasuwa na yanko farin yadi mai sheƙi na ɗinke. Wani maƙwabcinmu a Unguwar Sarki ya ara mana hular kwano. Saura abin goyon iskar, wanda malama ta ce a yi da kwali a liƙa masa takardar ƙyalli. Ni ma haka na so, aikin yamma ɗaya ne. Sai bakin yarinyar ya kai labari wajen kakanta.

Mahaifina maƙerin gwangwani ne a Kawo, bayan tasha. Da gudumarsa muka ci, muka yi karatu, aka yi mana aure. Shi da jikar tasa kuwa kullum cikin tsiya suke, yana ce mata amarya, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Ya kira ni a waya ya ce yana raye amaryarsa ba za ta goya kwali a gaban jama'a ba, in kawo ta ranar Asabar ya gwada bayanta. Na ce Baba wasan yara ne fa. Ya kashe wayarsa.

Muka je. Ya riga ya samo manyan gwangwanayen madara biyu, ya kankare fentinsu tas. Ya auna kafaɗarta da igiya, ya yanka kwano ya lanƙwasa bakinsa don kada ya yanke ta, ya ɗora gwangwanayen a kai, ya haɗa su da ɗan bututu. Tsohon agogon bango ya ba da fuskarsa, wata matacciyar tocila ta ba da ƙwayayenta, tiyon injin wanki ya zagayo ta kafaɗa. Ya karɓi abin shaƙarta ya jujjuya shi, ya auna, ya miƙo mini. Yarinyar tana can kan benci nesa da hayaƙin dalma, sai leƙe take tana ce masa ya karkace.

Wajen la'asar abu ya haɗu, na miƙe ina gyara mayafi. Sai na ga Baba ya jawo daro ya cika shi da ruwa. Raina ya ɓaci, don na san abin da ke tafe. Duk abin da ya liƙe, garwa ce ko buta ko mazubin kananzir, ba ya barin shagon sai ya nutsa shi a ruwa, ya hura ta ɗan bututun da ya bari, ya zuba ido. In ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, aiki ya koma baya. Na ce masa don Allah ya rufa mini asiri, ɗinkin mutane na jirana, kuma babu mahaluƙin da zai shaƙi komai daga gwangwanin madara.

"An ce iska yake ɗauka, ko ba a ce ba?"

Na ce an ce.

"To ba zai yi yoyo ba."

Ya hura, kumfa ta taso ta gindin na hagu. Ya tsame shi, ya mayar da ƙarfe cikin gawayi, ya sake liƙewa. Ya hura, ta taso ta wajen bututu. Ni dai ina tsaye ina cika ina batsewa, ina ta duban hadarin da ke haɗowa ta gabas. Can ya sake nutsawa, ya ja numfashi ya hura har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ruwan nan ko motsi bai yi ba. Bai saki ba ya matse bututun da filaya, ya ɗiga masa dalma. Yarinyar ta tambaye shi ina iskar da ya hura ta tafi. Ya ce tana ciki, kuma ba ta da hanyar fita.

Sannan ya goge shi da toka da lemon tsami, ya fito da shi bakin shago. Wallahi sai da na manta da fushin da nake yi. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta dake shi, hasken ya watsu a bangon shagunan da ke kallonmu. 'Yan kamasho suka bar kiran fasinja suka zo, wani direba yana tambaya ko na jirgin sama ne. Na girma ina ganin hannun nan yana yin rariya da mazurari, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai ranar. Tsoro-tsoro na ji, da wani irin girman mahaifina da ban san inda zan sa shi ba. A jikin maɗaurin ƙirji kuma ya kafa wani ɗan akwatin kwano mai murfi. Da na buɗe sai ga gurbin abin shaƙarta daidai wa daida, har da rigar gwangwani da ya yi masa mai sheƙi.

Ranar wasan aka wayi gari da ruwa, irin sanyin da ƙirjinta ba ya so. Baba ya rufe shago ya zo da babbar rigarsa, ya zauna kusa da ni. Yara suka fito a jere da kwalayensu, wasu har sun jiƙe sun saki. Da ta fito filin ya yi tsit. 'Yar ƙaramar yarinyar nan da nake kwana ina shafa wa baya ta tako a hankali, ƙwayayen tocila suna ƙyalli a kafaɗarta, kamar ba a cikina ta kwanta ba.

Ta fara jawabinta tiryan-tiryan, tana gaya wa ayarinta kada su ji tsoron sabuwar ƙasa. Ta kai tsakiya sai ta tsaya. Na ga kafaɗunta suna hawa suna sauka, na san fiton ya zo. Malama ta waiga tana neman ɗaya yarinyar. Na yunƙura zan tashi, Baba ya ce, "Zauna."

Yarinyar ta kai hannu baya ta dafa gwangwanin. Sannan ta ɗaga gilashin hular, ta buɗe ɗan akwatin ƙirjinta, ta fito da abin shaƙar cikin rigarsa ta gwangwani. A gaban makaranta kaf, da iyaye da malamai, ta sa shi a baki ta shaƙa, ta jira, ta sake shaƙa. Ba ta juya baya ba, ba ta sunkuya ba. Wani yaro a gabana ya ja hannun uwarsa yana cewa shi ma irin wannan yake so. Ta mayar, ta rufe murfi, ta ɗora daga inda ta tsaya har ƙarshe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rangaɗa guɗa, na kira sunanta da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa a gaban mahaifina ba. Matan kusa da mu suka kama baki suna dariya. Baba ya kafa wa takalmansa ido kamar bai ji komai ba, amma na ga gemunsa yana rawa.

Da aka tashi yara suka yanyame ta, kowa yana so a buɗe gwangwanin ya ga abin da ke ciki. Ta jingina bayanta da bango ta hana.

"Numfashin kakana ne," ta ce. "In aka buɗe zai fita."

Abin goyon yana nan rataye a ɗakinta, ya yi mata kaɗan tuni. Abin shaƙarta kuwa a aljihun gaba take sa shi yanzu, kuma ko a tsakiyar aji ne fito da shi take yi.