Injin Zarton Goggo Fidda

A ƙauyenmu na tsaunukan Ajlun, da an gama tsinkar zaitun sai a shiga rage rassa. Injin zarto mai shan fetur guda ne a duk danginmu, yana hannun goggona Fidda, wadda ake kira Ummu Nayif. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta iya rage murya ba ko a gidan makoki. Maza na cewa tsiwarta ta yi yawa. Ni dai ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Asali injin na mijinta ne, Miflih. Shi ma kamar sauran mazanmu, ba ya fita sai da jan rawani, jelarsa na lilo a ƙirji, don a wurinsu dattijo ya tsaya gaban mutane kai a buɗe tamkar tsiraici ne. Wata safiya ya hau tsani da injin yana ruri, ya miƙa shi sama da hannu ɗaya. Bakin zarton ya daki reshe ya yi tutsu, sarƙar ta cafki jelar rawanin. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Kowa ya ce ta rabu da injin. Ta ƙi. Tana fita takaba ta tafi gari wurin bakanike ta koyi aikinsa, ta dawo da tabarau da safar hannu da takalma masu kauri. Takan ɗaure kallabinta tamau, ta cusa rigarta cikin wando, a ƙasa take tayar da injin, ba ta yanka abin da ya wuce kafaɗarta, ba ta ƙara masa fetur sai ya huce. Mazan da ke mata dariya a bakin shago su ne ke aiko matansu roƙon ta zo gonarsu.

Bana ne yayan mijinta, Abu Hayil, ya zo aro. Shi ne babba a gidansu, maganarsa ake bi. Ina nan, ni na zuba masa gahawa. Ya karɓi finjalin ya ajiye a ƙasa bai kai baki ba. Baƙo in ya yi haka buƙata gare shi, ba zai sha ba sai an ce an ba shi, kuma gidan da ya bar gahawa ta huce ya sayi gaba ke nan.

"Ummu Nayif, injin ƙanena nake so. Da kaina zan gyara itatuwana."

"Zan ba ka, Abu Hayil," in ji ta. "Amma sai ka tuɓe rawanin da doguwar rigar nan, ka sa tabarau, ka bar tsani a gida."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Ni zan tsaya a gona kai a buɗe kamar ɗan makaranta? Ina yankan itace tun ba ki san hanyar rijiya ba."

"Da gatari kake yi. Wannan bai san babba ba."

"Gahawarki na hucewa, matar ƙanena."

"Ta huce. Akwai wuta a gidan."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na matso na raɗa mata cewa ta ce ta ba shi kawai, ya sha, daga baya a san dabara. Ta harare ni.

"In ce na ba shi, gobe kuma in tafi wankan gawa? Na yi sau ɗaya, ya ishe ni."

Abu Hayil ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya fita bai yi sallama ba. Kafin la'asar labari ya game ƙauye. Matan gidansu suka daina shigo mata, aka yi bikin jikarsa ba a gayyace ta ba. Abin ya ci mata rai, na gani, don ranar bikin ta yini tana wasa haƙoran sarƙa alhali ba su dakushe ba.

Duk da haka, da lokacin sanyi ya kama, sai ta saɓi injin ta shiga gonarsa ba wanda ya kira ta. Ta gyara masa itatuwan tas, ta tara rassan a gefe. Yana zaune kan dutse ya juya mata baya, ko sannu bai ce ba. Har yau bai ce ba.

A hanyar dawowa haushi ya cika ni, na ce, "Goggo, kin yi wa mutum aiki ko kallonki bai yi ba. Har yaushe za a yi ta wannan gaba?"

Ta sauya wa injin kafaɗa.

"Har ranar da ya ga dama. Gara ya wuce ni a hanya yana hura hanci, da in je maƙabarta ina gaishe su su biyu."